Kujerar Honorabul

A shagonsa na gyaran waya ya fara ganinta. Ta miƙo masa waya mai fasasshen gilashi, yana kunnawa sai ga zauren majalisar wasan intanet ɗin da shi ma yake yi, inda matasa ke kafa jam'iyyu, su yi zaɓe, su tsara wa wata ƙasar ƙirƙira dokoki. A sama an rubuta sunanta na wasa: Tartsatsi.

Ashe ita ce ta hana majalisa sakat. Shi kuwa ya daɗe da kujera, cikin masu ɗaga hannu su koma gyangyaɗi. Da ya faɗa mata haka, ya ce shi ne Honorabul a wasan, sai ta yi murmushi.

"Honorabul, kujerar ba ta gaji da kai ba?"

Ya yi dariya, amma maganar ta taɓa shi.

Kowa ya san mutum ɗaya kan buɗe akawun barkatai ya zaɓi kansa, kowa kuma ya ja bakinsa. Ita kaɗai ta kawo ƙuduri: duk ƙuri'un da suka fito daga layin intanet ɗaya a soke su. Tun yana karanta hujjojinta don sha'awa har ya koma jiran saƙonta.

"Tartsatsina, yau kin ƙona rabin majalisa. Sauran rabin ni ne, na ƙone tuntuni."

"Ka kawo ƙuri'a tukuna, daɗin baki daga baya."

Ranar ƙuri'ar farko a kan ƙudurin ya je gaida mahaifinta da maganar aure. Baba ya dube shi sama da ƙasa, ya ce ba zai ba mai mulki a cikin waya 'yarsa ba. Kafin Baba ya fito kuwa, yana zaune a falo, ya hau intanet ɗin gidan ya jefa mata ƙuri'a. Ita ma daga ɗaki ta jefa tata.

Kakakin majalisa, wanda ta taɓa ƙin kulawa, ya samu abin da yake nema. Ya baza cewa ƙuri'arta da ta Honorabul daga layi ɗaya suka fito, wato Honorabul akawun ɗinta ne na boge. Ƙudurin ya kama hanyar mutuwa. Ta tuna Honorabul da Kakakin jam'iyyarsu ɗaya, zuciyarta ta yi baƙi, ta tura masa saƙo.

"Da ma turo ka aka yi?"

Sai ya ɗauki bidiyo a shagonsa, fuska a fili, ya bayyana wa majalisa yadda aka yi, ya ce kuskurensa ne. Sannan ya ajiye kujerar da ya yi shekaru a kai, ya goge akawun ɗinsa. A ƙuri'a ta biyu ƙudurin ya wuce ba da ƙuri'arsa ba.

Ta zo shagon idonta jawur, ta nemi gafara. Ya ce ai kujera ɗaya ya rasa, ita yake tsoron rasawa.

Ta koma gida ta ba Baba labarin.

"Na ga manya da yawa," ya ce, "ban taɓa ganin wanda ya sauka daga kujera da ƙafarsa ba, ko da ta wasa ce. Ki ce ya turo iyayensa."

Ranar aure Baba ya riƙe hannun angon ya ƙi saki.

"Ga amana nan, ɗana. Allah Ya ba ku zaman lafiya, Ya ba mu jikoki masu bakin uwarsu da zuciyar ubansu."