Fentin Ƙarshe na Ustad Barkat

Ranar wata Talata da hantsi Taimur ya fara ganinta. Yana tsugune a ƙofar shagonsa da ke layin gareji a Rawalpindi, yana lailaye ledar da ya liƙa wa murfin wata mota, sai ga wata tsohuwar tasi mai launin baƙi da rawaya ta kutso tana tari. Sau biyu ta mutu kafin ta iso. Da ƙofa ta buɗe, maimakon direba mai gashin baki, sai wata budurwa ta fito, da farin gyale a kanta da sauran alli a yatsunta.

"Bhai, nan ne ake liƙa wa mota leda?" ta tambaya, tana kiransa ɗan'uwa da yarensu.

"Nan ne, Baji."

Ta dube shi sama da ƙasa. "Wa ya ce maka ni yayarka ce? Sunana Shumaila."

Taimur ya sosa ƙeya, ya rasa inda zai ajiye idonsa.

Malamar lissafi ce a makarantar 'yan mata. Tasin ta mahaifinta ce, Rafique, wanda ya rasu wata biyar da suka wuce bayan ya shekara ashirin da biyu yana tuƙa ta. Tana so ta sauya mata launi ta riƙa zuwa aiki da ita. Ɗan kawunta Haris, mai sayar da motoci, shi ya ce a rufe ta da leda, kwana biyu an gama.

Taimur ya zagaya motar. Ya shafa rufin, fentin ya marmashe a hannunsa. Ya durƙusa ya danna ƙasan ƙofa da babban yatsa, tsatsa ta zubo kamar garin barkono.

"Ba zan ɓoye miki ba," ya ce. "Leda sai a kan lafiyayyen fenti take zama. In na liƙa a kan wannan, wata uku ta kumbura, ruwa ya shige ƙarƙashi, ƙarfen ya ci gaba da ruɓewa ba ki sani ba. Motar nan kankarewa take so, a cike ramukan, a fesa sabon fenti."

"Mai leda ne yake kore ni daga leda?"

Daga can cikin shagon wata dariya ta taso, ta rikiɗe ta zama tari mai tsawo. Wani dattijo ya fito yana dafa bango.

"Yau mai naɗe alewa ya faɗi gaskiya," ya ce.

Mahaifin Taimur ne, Ustad Barkat Ali, wato gwanin sana'a kamar yadda ake kiran irinsa a can. Shekara talatin da biyar ya yi yana fentin mota har tururin ya cinye masa huhu. Da likita ya hana shi, Taimur ya kulle bindigar fesawa a akwatin ƙarfe, ya mai da shagon na leda. Tun daga ranar, shekara biyu ke nan, uban bai sake kiransa da sunansa ba.

Ustad ya tsaya a gaban tasin ya daɗe yana kallo.

"Ta Rafique ce. Ni na yi mata wannan baƙi da rawayar. Ina yake, beti, 'yata?"

Shumaila ta sunkuyar da kai. Dattijon ya gane. Ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji.

Aka tsayar da magana: Taimur zai yi kankara da gyaran jiki, in ya gama a kai wani gareji a fesa. Aikin da ba ya wuce mako biyu sai ya shiga na biyar, kuma babu wanda ya yi ƙorafi. Kullum bayan an tashi makaranta Shumaila za ta biyo da samosa a takarda, ta zauna kan tsohuwar taya tana duba littattafan ɗalibai, shi kuma yana goga. Ustad na gefe yana kurɓar shayi, yana gyara masa hannu ta bakin wani.

"Beti, ki gaya wa wancan ba wanki yake yi ba. A hankali."

Ranar zaɓen launi ta ɗora yatsa a kan shuɗi mai haske.

"Abbu yakan ce in ya yi ritaya wannan launin zai yi mata, ya kai Ammi tsaunin Murree su ga ƙanƙara. Bai yi ritayar ba."

Da yammacin ranar saƙonsa na farko da ba na aiki ba ya shiga wayarta.

"Malama, yau kin manta jan birinki a shago. Na riƙe shi jingina har sai kin dawo."

"Ka riƙe. Da shi zan ba ka sifili in fentin bai yi kyau ba."

"In na ci fa?"

Can sai ga amsarta: "In ka ci zan daina ce maka Bhai."

Daga nan ya koma kiranta Shumi, ita kuma take ce masa Sarkin Tsatsa.

Haris ne ya kai labari gida. Dama ya daɗe da sa rai a kanta, kuma mahaifinsa, Mamu Irshad, yayan mahaifiyarta, shi ke da ta cewa tun bayan rasuwar. Wata Laraba Mamu ya zo garejin da kansa, yana tattare bakin wandonsa don kada ya taɓa baƙin mai.

"Kai ne yaron? 'Yar ƙanwata da digiri biyu, ta ƙare a wannan kwatar?" Ya juya ya dubi Ustad, wanda tari ya turnuƙe. "Ga ƙarshenku nan ai, kowa na gani. Shekara talatin kuna shaƙar guba, me kuka tsinana?"

Taimur ya dunƙule hannu, uban ya riƙe masa riga. Mutumin ya juya ya tafi.

Saƙon Shumaila ya zo bayan magariba.

"Ammi ta hana ni zuwa. Ba zagi ta yi ba, kuka take. Ta ce ta binne miji da aiki ya kashe, ba za ta zauna ta ga nata ya maimaitu a kaina ba. Ka yi haƙuri, ranka ya daɗe, ban san yadda zan yi ba."

Kwana uku bayan haka Taimur ya tafi Lahore sayo leda. Ya dawo da la'asar, tun daga bakin layi warin fenti ya doki hancinsa. Ya yar da kayan ya ruga.

Akwatin ƙarfen na buɗe, an ɓalle kwaɗon. A tsakiyar shagon motar Rafique na tsaye, shuɗiya, tana sheƙi kamar ruwa, babu ko ɗigo ɗaya da ya zarce. A gefenta Ustad Barkat na kwance a ƙasa, leɓunansa sun yi baƙi, bindigar fesawa na hannunsa.

A asibiti likita ya ce abin da ya rage na huhun ya tafi, sai dai iskar kwalba da addu'a. Taimur ya zauna a barandar ɗakin, ya ciro waya ya rubuta abin da daga baya ya daɗe yana cizon yatsa a kansa.

"Motarki ta kammala. Ta cinye mini uba. Ki aiko a ɗauka."

Amsar ba ta ɗau minti ba. "Na ji. Ka yafe mini."

Washegari Haris ya zo da mabuɗi, ya zagaya motar yana fito.

"Kai, tsohon ya iya aiki. Daidai lokaci kuwa, gida ana ta shirin biki."

Taimur bai tambayi bikin wa ba. Mako uku ya yi tsakanin asibiti da masallaci. Ya rubuta mata saƙo ya fi ashirin, yana gogewa.

Wata safiya yana ba uban kunu da cokali, dattijon ya janye robar iskar daga bakinsa.

"Taimur."

Taimur ya ajiye cokalin, shekara biyu rabon da ya ji sunansa a bakin uban.

"Ina yarinyar?"

Ya gaya masa komai, har da saƙon. Ustad ya rufe ido.

"Kai jaki ne, kamar ubanka. Ita ta ɓalle kwaɗon? Mutumin nan ya ce me muka tsinana. Na so ya gani. Kuma na so in ji ko hannuna na nan." Ya numfasa da ƙyar. "Da ka kulle bindigar, daidai ka yi. Na sani tun ranar. Girman kai ne ya hana ni faɗa. Tashi ka je, ba na son kunun."

Taimur ya tsaya a ƙofar makarantar har aka tashi. Ta fito a ƙafa, ta rame, tana neman keke mai ƙafa uku. Da ta gan shi ta tsaya cak.

"Ina motar?" ya tambaya, don bai san ta inda zai fara ba.

"Tana gida a rufe. Ka ɗauka zan iya shiga cikinta?"

"Haris ya ce ana shirin biki."

"Na ƙanwarsa. Ni na gaya wa Mamu ko zan tsufa a ɗakin Ammi ba zan auri ɗansa ba." Hawaye suka zubo mata. "Kullum sai na zo ƙofar asibitin, Taimur. Sai in tuna saƙonka in juya."

"Shumi, baƙin ciki ne ya rubuta shi, ni kuma na bar shi. Ba ki da laifin komai. Ki yafe mini, ko da ba za ki sake kallona ba."

Ta goge ido da bakin gyale. "Yana cin abinci?"

"Ya ƙi kunu. Ke yake tambaya."

Abin da Taimur bai sani ba shi ne, ranar da aka kai motar gida Haris ya zo da mai saye, yana cewa fentin ya ɗaga darajarta. Ammi Nasreen ta fito don ta sa hannu, ta ga launin, sai ta zauna a kan dakali ta rufe fuska. Ta sallami mai sayen. Da ta ji wanda ya yi fentin da abin da ya same shi, kwana biyu tana juya abin a ranta.

Ranar Juma'a ta saka fararen kaya ta ce wa 'yarta, "Ɗauko mabuɗin. Ki kai ni in ga mutumin nan."

Ta tsaya a ƙafar gadon, da kwanon miyar kaza a hannu.

"Bhai sahab, me ya sa ka yi wa kanka haka?"

"Rafique ya sha kai matata asibiti lokacin jinyarta, bai taɓa karɓar ko rupi ba." Ya huta. "Bahen ji, 'yar'uwa, ba ni da ƙarfin zuwa gidanki da alewa kamar yadda ake yi. Daga nan kwance nake roƙonki. Ɗana ba ya ƙarya, ko a kan abin da zai ci. Ki ba shi 'yarki."

Ammi ta juya ta dubi Taimur.

"Ka rantse mini ba za ka taɓa riƙe bindigar nan ba."

"Na rantse, Ammi."

Kalmar ta fita kafin ya ankara. Ba ta gyara masa ba.

Mamu Irshad ya ce babu ƙafarsa, kuma bai zo ba. Ƙanin Rafique ya taso daga Chakwal ya ba da aure. Likita ya yarda a mai da Ustad gida da kwalbar iskarsa, a ɗakinsa aka ɗaura, mutum goma sha ɗaya har da liman. Babu kiɗa, sai busasshen dabino a faranti. Da liman ya tambaye ta, Shumaila ta amsa ta yarda sau uku da murya ƙasa-ƙasa, tana kuka.

Aka matso da su bakin gado. Ustad ya ɗora hannu ɗaya a kan ɗansa, ɗaya a kan amarya.

"Allah ya ba ku numfashi mai tsawo," ya ce. "Ya sa ku tsufa tare kuna faɗa kan gishirin miya. In fushi ya zo, kada ku kwana da shi shekara biyu."

Kwana tara ya ƙara. Shumaila ce ke ba shi ruwa a cokali ranar da ya cika, da hantsi, Taimur na riƙe da ƙafafunsa.

Sai da aka yi arba'in aka kawo amarya. Ammi ce ta rako ta har ƙofa, ta kama hannunta ta saka a cikin nasa, ta haɗa ta matse.

"Ku biyu duk marayu ne yanzu. Kowa ya zama uban ɗan'uwansa. Allah ya yi muku albarka, ya jiƙan waɗanda ba su ga wannan rana ba."

Suka ce amin. Da kowa ya watse, Shumaila ta tsaya a tsakar gidan tana duban ɗakin da aka rufe.

"Gobe mu buɗe tagoginsa," ta ce. "Iska ta shiga."

"To, Shumi," ya ce. Ya karɓi jakarta ya shige gaba, ta bi shi.