Takardun Naɗe Nama

Warin ne ya riga Auta shigowa ɗaki. Malama Biyar ta ɗago kai daga tulin takardun da take dubawa, ta yamutsa fuska, ta nuna masa ƙofa da jan biro.

"Takalman nan dai a waje, don Allah."

Ya cire su yana dariya. Wata bakwai da aurensu, har yau hancinta ya ƙi sabawa da mayankar mahaifinsa, inda yake aiki. Ita kuwa tana koyarwa a makarantar unguwa, kuma ƙarancin malamai ya sa aka jibga mata darasi biyar: muhalli, kiwon lafiya, tarihi, doka da adabi. Daga nan sunan ya bi ta.

A wannan zangon ta haɗa darussan a aiki guda. Ta ce 'yan ajinta su bi kwatar da ke wucewa ta gindin rijiyar makaranta har inda ta faro, su tambayi tsofaffi yaushe ta fara wari, su gano yara nawa suka yi gudawa, su nemo abin da doka ta ce, sannan su rubuta da salo mai kyau. Kwatar ta ƙarƙashin gidaje take bi, shi ya sa Malama ba ta taɓa sanin tushenta ba. Ai kuwa takarda arba'in duk a wuri ɗaya suka tsaya: bayan mayankar surukinta. Yaran ba su rage komai ba. Sun rubuta jinin da ya daskare ya yi baƙi, da kashin hanji, da koren ƙuda, da tsutsotsi suna tafasa kamar shinkafa a tukunya. 

Ta miƙa wa Auta guda ɗaya. Ya karanta, ya sosa ƙeya, ya ce tun zamanin kakansa a nan ake zubarwa, amma zai yi wa Baba magana. Bai yi ba, don gaban Baba ko tari ba ya iyawa. Wurin Mama ya kai zancen.

Da safe sai ga Mama ko sallamar kirki babu.

"Mun ɗauka 'ya muka kawo gida, ashe ɗan sanda muka auro! Ki ƙona takardun nan kafin hedimasta ya gani, ko ki tattara ki koma gidan ubanki."

Malama ta durƙusa, hawaye na zuba. Ta ce ba za ta kai ƙarar kowa ba, amma aikin yara amana ne, ba za ta ƙona ba. Ta saci kallon Auta ko zai ce wani abu. Yana bakin ƙofa yana kallon yatsun ƙafarsa. Wallahi shirun nan ya fi kwatar ba ta ƙyama.

Tana fita makaranta Mama ta kwashe takardun, ta kai mayanka, ta zube a kan teburin sayarwa. Ta ce a naɗe nama da su, karatun da ya raina sana'ar gida iyakarsa ke nan. Ma'aikata suka yi ta naɗewa ba wanda ya duba.

Abin da Mama ta manta shi ne, masu sayen naman nan iyayen yaran ne, kuma babu uwar da ba ta san rubutun ɗanta ba. Kafin la'asar ƙofar mayanka ta cika da mata, kowace da takarda mai jini a hannu. Wata tela, wadda 'yarta ta kwana uku ana mata ƙarin ruwa a asibiti, ta karanta tata da ƙarfi. Baba ya juya wurin ɗansa ya tambaye shi ko gaskiya ne.

Auta ya matso gabansa. "Gaskiya ne, Baba. Na sani tun jiya na yi shiru. Matata ce kaɗai ta tsaya."

Baba ya fita. Ya zagaya baya, ya bi kwatar da ƙafarsa har gindin rijiya. Mutumin da ya shekara arba'in yana feɗe dabba bai taɓa toshe hanci ba, ranar sai da ya yi amai.

Malama ta dawo ta tarar babu takardu, ta fara ninke kayanta a akwati tana kuka. Auta ya shigo ya zauna a kan murfin akwatin.

"Sori, Malama Biyar. Na faɗi jarrabawar ɗazu da safe. A ba ni ta gyara."

Ta kau da kai, amma ba ta sake ɗaukar wani zani ba.

Kwana tara ana haƙa ramin zuba ƙazanta nesa da rijiya, Auta ne kan gaba da shebur. A rana ta goma Mama ta zo, wannan karon da sallama har sau biyu. Gida-gida ta bi ta karɓo takardun, ta shanya, ta danne su ƙarƙashin katifa. Talatin da bakwai ta samu. Ta ajiye su gaban surukarta, idonta a ƙasa.

"Ki ba su makinsu, 'yata. Ki kuma yafe mini."

Malama ta durƙusa ta ce babu komai, Mama, ya wuce. Haƙurinta ya tsare mata aurenta, riƙon amanarta ya tsare wa yara ruwan sha. Gaskiya kuwa ko nama aka naɗe da ita sai ta isa gida.

Da ta zauna dubawa, sai ta ga jan biro ba ya fita a kan tabon jinin. Ta ɗauko shuɗi.