Yatsu Biyun da Mukhtaru Ya Bari a Lubnan

"Ba zan ba ɓarawo 'yata ba, halas!"

Ummulkhairi ta tsaya cak a bayan labule, farantin shayi a hannunta...

Muryar mahaifinta ce, Malam Tsoho.

Shekara uku ta yi tana jiran ranar nan, tun da wani ɗan kasuwa ya ɗauke Mukhtaru daga garejin motocin alhazai ya tafi da shi Lubnan. Ya dawo Tandabawi, unguwarsu a Makka, a zafin 1956, a rame, babu yatsu biyu a hannun dama. Kafin ya huce gajiya, Dawuda, ɗan baffanta da ta ƙi har sau biyu, ya baza wa unguwa cewa sata ya yi aka yanke masa su. Yau ga Mukhtaru a gaban mahaifinta ya zo neman aurenta, Dawuda na zaune a gefe.

"Ya ammi, baffana, wai inda ya yi aiki kujeru ne ke yawo a sama!" Dawuda ya kwashe da dariya. "A kan ƙanƙara! Wanda ya iya wannan ƙarya, me zai bari?"

Ta jira Mukhtaru ya fusata.

Bai fusata ba. Ajiyar zuciya kawai ya yi.

"Baba, na gaji da bayani a shago da bakin masallaci. Amma kai zan yi maka, sau ɗaya."

"Ina ji."

"Dutse ne dogo, dusar ƙanƙara na rufe shi wata huɗu. Masu hali kan hau, su ɗaura katako a ƙafa su zamo ƙasa, wasansu ke nan. Da can sai mutum ya yi awa biyu yana hawa kafin ya zamo sau ɗaya. Sai aka kawo na'urar hawa da mutane a kujeru ta jirgin ruwa. Da alfadarai muka hau da ƙarafan, muka kafa turaku goma sha ɗaya."

"Kujerun fa?" in ji Malam Tsoho.

"Ka san bel ɗin keken ɗinki? Haka take. Igiyar ƙarfe ce guda, ba ta da farko ba ta da ƙarshe. Babban wili a ƙasa, inji na juya shi, wani wilin a can ƙololuwa. Kujerun a maƙale suke da igiyar, wasu na hawa, wasu na saukowa. Akwai ƙaton siminti a rataye da ke jan wilin, don kada igiya ta saki."

Shekara talatin Malam Tsoho ya yi yana jan ruwa a rijiyoyin Makka, ya san halin igiya.

"Hannun fa?"

"Turke na bakwai. Ina sa wa ƙananan wilin giris, abokin aikina bai ga tutar gargaɗin da na kafa ba, ya tayar da inji..."

Ummulkhairi ta dafe bango.

Bai taɓa rubuto mata wannan ba!

"Miƙo," in ji tsohon.

Ya juya hannun, ya shafa tabon da babban yatsansa, ya daɗe yana kallo.

"Wannan ba aikin wuƙa ba ne. Wuƙa yanka take, igiya murjewa take. Haka ta yi wa ƙanena Isa a bakin rijiya." Ya ɗago ido. "Dawuda, wa ya gaya maka sata?"

"Ai... haka mutane ke cewa, ya ammi..."

"Mutanen daga bakinka suka ji. Tashi ka ba ni wuri."

Da ƙarar takalman Dawuda ta ɓace, Malam Tsoho ya miƙe da ƙyar, yana dafe gwiwa.

"Zan yi alwala. Ke mai laɓe, shayin ya huce, na sani. Ranar Juma'a ya turo manyansa."

Ta zame ta zauna a ƙasa. Labule ne kawai tsakaninsu.

"Ummu..."

"Kar ka kira ni."

"Habibti, ki saurare ni."

"Wasiƙa tara, Mukhtaru! Kowacce lafiya lau, lafiya lau. Ina nan ina ɗinka huluna, ƙawayena na goye da na biyu, kai kana can kana zubar da jini ban sani ba!"

"Tsoro na ji. Na ɗauka ba za ki so guntun hannu ba."

"Ashe ba ka san ni ba..."

Daga Harami aka fara kiran la'asar.

"Za ka koma?" ta tambaya, muryarta can ƙasa. "Faɗa min gaskiya. Wallahi na gaji, ba ni da ƙarfin wani jiran."

"Sun aiko in koma kafin sanyi. Na ce a'a. Gareji ya karɓe ni, yatsu takwas sun isa riƙe sifana."

"Ba za ka yi kewar na'urar ba? Na ji yadda kake maganarta."

"Zan yi. Ni na ɗaure kowace ƙusa tata." Ya ɗan yi murmushin da ta ji a muryarsa. "Amma kowace kujera mutum ɗaya take ɗauka, Ummu. Kullum da asuba ni nake fara hawa in duba igiya, ni kaɗai a sama, ba kowa sai iska. Ya ishe ni haka."

Ta share ido da gefen mayafi. Sannan ta tura masa kofin ta ƙarƙashin labule.

"Sha. Ya huce, amma ni na dafa."

Da hannun daman ya ɗauka.