Mutumin Da Ya Ari Fuskar Babanta

"Karanta min shi da bakinka."

Odessa ta manna masa takardar labarin fim a ƙirji. Wendell ya yi turus a matakalar barandar gidansu, furen da ya kawo mata na hannunsa.

"Dessa, ina kika samo wannan?"

"Ba abin da na tambaye ka ba ke nan. Karanta wurin da babana ke tuƙi a buge, wata mace kwance a kafaɗarsa..."

Babanta shi ne Thaddeus Rucker, wanda ya girgiza birnin Memphis da fiyano tun kiɗan rok an rol bai gama samun suna ba. Faifai huɗu kawai ya yi, mota ta kife da shi a 1957, Odessa na wata takwas a duniya. Bayan shekara ashirin da biyu masu fim suka zo za su yi tarihinsa, Wendell Tatum kuma shi zai fito a matsayinsa.

Mahaifiyarta, Mama Verlene, ta ƙi tun ranar farko.

"Mutanen fim ba sa zuwa kabari don addu'a," in ji ta.

Odessa ce ta yi ta lallashi har aka bar shi ya riƙa zuwa ganin hotuna. Daga ganin hotuna aka koma hira a baranda da shayi mai ƙanƙara, daga nan kuma zuciya ta yi abin da ta saba.

"Tsohon rubutu ne," Wendell ya ce a hankali. "Na faɗa musu ba zan yi shi ba. Masoyiyata, dube ni..."

"Kar ka ƙara kirana haka. Charmaine ta ce jibi za ku ɗauka."

Charmaine ce ke fitowa a matsayin Mama a fim ɗin, kuma kowa ya san yadda take bin Wendell da ido. Ita ce ta kawo wa Odessa takardar.

Ƙofa ta buɗe, Mama ta leƙo da garin masara a hannunta.

"Saurayi, ka ji ta. Ka san hanya."

Ya ajiye furen a kan matakala ya tafi.

Kwana tara Odessa ba ta ɗaga waya ba. Ta je makarantar da take koyarwa, ta dawo, ta shige ɗaki. Mama ba ta ce mata "na faɗa miki" ba, wannan shirun ya fi faɗan ciwo.

Ranar Lahadi bayan coci, Kawu Purvis ya zo cin soyayyar tarwaɗa. Shi ne makaɗin gangar babanta, kuma shi kaɗai ya fita da rai daga motar nan, da ƙafa ɗaya gurguwa.

"Yaron nan naki taurin kai gare shi kamar alfadari," ya ce yana zare ƙaya.

"Ba nawa ba ne, Kawu."

"To, wanda ba nakin ba ya tuɓe rigar wasa gaban darakta, ya ce in dai da shafin nan su nemi wani. Kwana shida aiki a tsaye. Sannan ya zo har gida ya ɗauke ni, da ni da sandata, ya ce in faɗa musu gaskiya."

Mama ta ajiye cokali.

"Wace gaskiya, Purvis?"

Tsohon ya ture farantinsa gefe.

"Ban taɓa faɗa miki ba, Verlene, don kar ki ɗora wa kanki. Da safen nan da ya kira ki, kin ce jikin yarinya da zafi. Muna da wasa biyu a gaba, ya ce a soke, mu kama hanyar gida. Ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, na ce mu jira ya tsagaita. Ya ce, 'Purvis, 'yata ba ta da lafiya.' Ko ɗigon giya babu a bakinsa. Macen da ke ransa kuwa, ga ta nan zaune."

Ya nuna Odessa da ƙayar kifi.

Odessa ta rufe bakinta da hannu biyu. Duk tsawon rayuwarta tana jin muryar mutumin a faifai yana yi wa duniya waƙa, ba ta taɓa sanin ya ambace ta ba.

"Ita kuma Charmaine?" Mama ta tambaya.

"Daga kwandon shara ta tsinto takardar. Ta san Wendell ne ya yar da ita."

Washegari Mama ta sa hularta ta coci, ta ce Odessa ta kai ta wurin ɗaukar fim. Sun tarar da Wendell gaban fiyano, an gyara masa gashi irin na da. Yana ganinsu ya miƙe. Charmaine ta sulale bayan labule.

Mama ta ƙare masa kallo daga sama har ƙasa.

"Ba haka Thaddeus yake zama ba."

"Na'am, Mama?"

"A bakin kujera yake zama, kamar wanda za a kora. Kuma takalmin hagu cire shi yake yi, wai ya fi jin kiɗan a ƙafa. Zauna in nuna maka, kar ka kunyata min miji."

Sai da aka tashi hutu Odessa ta iya matsowa kusa da shi.

"Wendell... ka yafe min."

"Da ni ne aka kawo wa takardar nan, abin da zan yi ke nan."

"Me ya sa ba ka zo ka faɗa min ba?"

"Baki kawai nake da shi, Dessa. So nake in zo miki da abin da ya fi baki."

Ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan hannunsa.

"Na gode. Ka ba ni babana."

"Yanzu zan iya kiran sunan da kika hana?"

Ta yi dariya cikin kuka.

"Kira..."

Da fim ɗin ya fito, layi har kwanar titi. Odessa ta zauna tsakanin Mama da Kawu Purvis, ta ga babanta a rumfar waya, ruwa na dukan gilashi, yana cewa a soke wasa. Mama ta riƙe hannunta gam har aka kunna fitilu.

Bayan wata biyu aka ɗaura aure a cocinsu. Kawu Purvis ne ya rako amarya, yana ɗingishi yana washe baki. A bakin ƙofa Mama ta tare ango, ta gyara masa kwalar riga, ta daɗe tana gyaran abin da ba ya buƙatar gyara.

"Wendell."

"Na'am, Mama."

"A fim ka tafi ka bar min ita tana jaririya. Wannan karon, ɗana, ka zauna."