Maganar da Shunpei Ya Faɗa da Bakinsa

Ranar da aka kawo Fumino gidanmu na masu lalura ruwa ake yi, irin na damina mai wuni yana zuba ba ƙarfi. Ta tsaya a bakin ƙofa inda ake cire takalma, ta rungume jakarta a ƙirji. Mahaifiyarta na can gefe suna gaisawa da Hori-san, babbar mai kula da mu, suna ta sunkuyar wa juna da kai.

Fumino ta zura ƙafa cikin silifas ɗin da ta fara gani. Sai ga Shunpei ya taho a kekensa na guragu daga ɗakin cin abinci, bakinsa na motsi.

Shunpei da lalurarsa aka haife shi. Ƙafafunsa ba sa ɗaukarsa, jikinsa yakan sandare, magana kuma sai ya yi kokawa da kowace kalma kafin ta fito. A gidan mun saba, da ya fara sai wani ya ƙarasa masa. Hori-san ta fi kowa iyawa, tun kafin ya gama kalmar farko ta san inda ya dosa.

Fumino ba ta san ana ƙarasa masa ba. Ta tsaya tana kallonsa, tana jira, kamar ba ta da wani aiki a duniya sai wannan.

"Na... Genzo-san... ne," ya ce da ƙyar. Ya huta, ya sake tattaro ƙarfi. "Ƙafarsa... na wari."

Ta fizge ƙafarta, dariya ta ƙwace mata, ta rufe baki da hannu.

Genzo-san, dattijon da ya fi kowa daɗewa a gidan, ya leƙo daga ciki. "Ina jinka, Shun-kun. Kai da ba ka taɓa taka ƙasa ba, me ka sani a kan ƙafa?"

Shunpei bai ko kalle shi ba. Fumino yake kallo.

Gidan namu bene ne, maza a ƙasa, mata a sama, kowa da ɗakinsa. Tare muke cin abinci. Masu kula da mu su dafa na yamma, su ba mai shan magani maganinsa, su raka mai zuwa asibiti. Da safe mota ta kwashe mu zuwa wurin aiki, inda muke naɗe ƙananan tawul ɗin da gidajen abinci ke ba baƙi su goge hannu. Shunpei ba ya naɗi, shi ke buga sunayen shagunan a kwamfuta da yatsa ɗaya.

Fumino tana da farfaɗiya tun tana ƙarama, karatu kuma ba ya zauna mata da sauri. Da Shunpei ya gane haka sai ya riƙa rubuta mata saƙo da haruffa masu sauƙi, irin na 'yan aji ɗaya. A rubuce ba ya sarƙewa.

"Fumi-chan, yau tawul ɗinki sun fi na kowa kyau. Na Genzo-san kamar mota ta bi ta kansu. Kada ki manta da maganinki. Shun."

Ta kan daɗe tana bin saƙon da yatsa, ta daɗe kuma tana haɗa amsa.

"Na sha. Kai ma ka yi kyau yau."

Genzo-san ya sa musu suna kunkuru biyu. Ya ce in suka fara gaisuwar safe, sai shinkafar rana ta nuna ba su gama ba. Su dai ko a jikinsu. A mota tana zama kusa da inda ake ɗaure kekensa, shi ya yi ta faɗa, ita ta yi ta jira. In ya gama ta ba shi amsa gajeriya, su yi dariya.

Da kaka ta shigo ya turo mata wani saƙon.

"Fumi tawa, duk duniya ke kaɗai kike barina in kai ƙarshen maganata. Ina so in tsufa kusa da ke. Za ki aure ni?"

Ba ta rubuta komai ba. Washegari a wurin karin kumallo ta ajiye kwanon miyarta, ta ce masa to, a gaban kowa, kunnuwanta sun yi ja.

Hori-san ta yi murna. Ta ce akwai ƙaramin gida a bayan layinmu da ake ba ma'aurata, masu kula za su riƙa leƙa su safe da yamma. Amma Fumino ta ce ba za ta yi ba sai Mama ta yarda. Mahaifinta ya rasu tun tana goye, Mama ce kaɗai ta raine ta, ba ta taɓa yin wani abu a bayan idonta ba.

Lokaci kuma ba shi da yawa. Kuwata-san, mahaifiyar Fumino, ciwon daji ne da ita, shi ya sa ma ta nema wa 'yarta ɗaki a gidanmu tun tana iya tafiya da ƙafarta. Duk zuwan da za ta yi sai mun ga ta ƙara ramewa, ta koma sa hula. Likita ya ce ba lallai ta ga ƙarshen sanyi ba.

Aka sa ranar da Shunpei zai je neman aure. Genzo-san ya ara masa abin wuyan kwat ɗinsa, ya ce in aka ɓata shi da shayi, auren ya tashi. Hori-san ta kai su a mota, da kwalin alewar wake a cinyar Fumino.

A wurinmu mai neman 'yar mutane durƙusawa yake a kan tabarma, ya kai goshi ƙasa. Shunpei ya dage sai an sauke shi daga keke. Aka sauke shi, Hori-san na tallafe da kafaɗarsa. Wahalar saukar da fargaba suka haɗu suka sandarar da shi gaba ɗaya. Ya buɗe baki, ba abin da ya fito sai numfashi.

Kuwata-san ta ce tambaya ɗaya gare ta: idan ciwon Fumino ya tashi ta faɗi, su biyu kaɗai a ɗaki, me zai yi?

Shunpei ya fara. "Zan..."

Hori-san ta karɓe, kamar yadda take yi a gaban likita da ko'ina. Ta yi bayanin ƙararrawar da ke jikin kekensa, da masu kula da ke kusa, da yadda aka tsara komai. Ta ce Shunpei yaro ne mai hankali, yana son Fumino tsakani da gaskiya, kuma ya zo ne ya roƙi a ba shi ita. Bayaninta ya yi kyau, ba ta bar komai ba.

Kuwata-san ta saurara har ƙarshe. Sannan ta ce, "Hori-san, ke ce za ki aure ta?"



"Na kusa tafiya," in ji Kuwata-san, ba ta ɗaga murya ba. "Ba zan bar 'yata a hannun wanda ban taɓa jin abin da ke ransa daga bakinsa ba. Ku yi haƙuri."



Daga ranar saƙon Shunpei ya ɗauke. Ya koma cin abinci a ɗakinsa, a mota kuma ya juyar da kai wajen taga. Fumino ta riƙa duba wayarta tana mayarwa aljihu. Tawul ɗinta suka fara fitowa a karkace. Ciwonta ya tashi a wurin aiki, ta fasa leɓe. Genzo-san ya so ya ba ta dariya, ya ce tunda kunkurun ya shige ƙoƙonsa, shi ga shi nan, yana da haƙora huɗu da silifas sabo. Ta fashe da kuka, shi ma ya rasa inda zai sa kansa.

A cikin haka aka kwantar da Kuwata-san a asibiti.

Wata Lahadi da rana Fumino ta sauko da kayan wanki, ta ji murya a ɗakin injin wanki. Shunpei ne shi kaɗai, ya fuskanci bango, yana maimaita magana guda. Ya kai tsakiya ya sarƙe, ya koma farko. Rigarsa ta jiƙe da gumi. Ta tsaya a bakin ƙofa da kwandonta har ya juyo ya gan ta.

"Na zaci ka fasa," ta ce.

Ya girgiza kai da ƙarfi har keken ya motsa. Ya jawo wayarsa ya buga, ta matso ta karanta a hannunsa.

"Kunyarki nake ji, Fumi tawa. Na bari an roƙe ki a madadina. Ban so in dawo wurinki ba sai na iya."

Ta ce to ya rubuta wa Mama mana, ai a rubuce ba wanda ya kai shi. Ya ce a'a. Wannan maganar ba ta yatsa ba ce.

Da yamma ya roƙi Hori-san ta kai su asibiti, amma in sun je ta tsaya a waje. Da ya fara faɗa bakinta ya motsa zai ƙarasa, sai ta danne leɓenta da hannu, ta bar shi ya gama. Idanunta suka kawo ruwa. Ta ce to.

Kuwata-san ta zama ƙarama a kan gadon, hannunta duk allurai. Fumino ta zauna a gefenta. Shunpei bai nemi a sauke shi ba wannan karon, ya sunkuyar da kai daga kan kekensa iyakar yadda wuyansa ya yarda.

Ya fara. Maganar da ya sha maimaitawa ta gudu ta bar shi. Ya yi ta kokawa, haƙoransa na haɗuwa. Wata nas da ta shigo duba ruwan da ake ƙara wa mara lafiyar ta tausaya, ta tambaya ko ruwa yake so, ko a kira wanda ya rako shi. Kuwata-san ta ɗaga yatsu biyu daga kan bargo. "Ki bar shi," ta ce.

Ya daɗe. Hasken taga ya matsa daga bango zuwa ƙasa kafin ya haɗa abin da zai faɗa.

"In ta faɗi... ba zan iya... ɗaga ta ba. Zan danna... ƙararrawa. Zan zauna... kusa da ita. In ta buɗe ido... ba za ta ga... ita kaɗai ba." Ya huta, hawaye da gumi sun haɗe a haɓarsa. "Mama... ki ba ni... Fumino."

Kuwata-san ta rufe ido. Fumino ta zaci barci ya ɗauke ta, sai ta ga hawaye na gangarawa cikin kunnenta.

"Ai ba a ɗaga ta," ta ce a hankali. "Ni ma tun tana jaririya abin da nake yi ke nan. In kawar da abin da zai ji mata ciwo, in zauna, in jira ta dawo. Ba kowa ke iya jiran ba." Ta lalubo hannun 'yarta, ta ɗora a kan hannunsa. "Ga ta nan, Shunpei-san. Tana ɓoye ciwon kai, sai ka matsa mata. Ba ta son a kashe fitila duka."

Ya ce to. Wannan kalmar ta fito masa lokaci guda.

Kuwata-san ba ta ga bikin ba. Ta rasu ana tsakiyar sanyi, Fumino na riƙe da hannunta.

Bayan an fita kwanakin makoki aka ɗaura auren a ɗakin cin abincinmu. Muka ture teburan gefe, aka dafa shinkafa da jan wake. Fumino ta sa farar riga, aka ajiye hoton mahaifiyarta a kan kujerar gaba. Genzo-san ya miƙe zai yi jawabi a madadin iyaye, ya ce ya tanadi abin dariya da yawa, sai muryarsa ta karye. Ya tsaya yana murza hularsa, daga ƙarshe ya ce su zauna lafiya, su daɗe tare, kada ɗaya ya riga ɗaya da nisa. Muka amsa, muka sa musu albarka, kowa da irin muryarsa.

Da la'asar muka raka su sabon gidansu a ƙafa, muna ɗauke da 'yan kwalayensu. Fumino ta shiga ta duba kicin, ta taɓa labule, ta leƙa baranda inda za ta riƙa shanya. Sai ta zaro wayarta da sauri, fuskarta cike da murna, ta fara neman lamba. Yatsanta ya tsaya. Ta daɗe tana kallon wayar.

"Mama zan ba labari," ta ce.

Shunpei ya matso da kekensa har gwiwarsa ta taɓa tata.

"Ba... ni," ya ce.

Ta zauna a ƙasa kusa da shi, ta share fuskarta da bayan hannu, ta fara ba shi labarin bikinsu tun daga safe. Hori-san ta yi mana alama, muka fito, muka ja musu ƙofa.