Ruwan Zafi a Gindin Darbejiya

Magariba ta kawo kai lokacin da Shagufta ta shigo gidansu da ke bayan tashar jirgi a birnin Multan, tana jan ƙafa, kwanukan abinci da tabarmarta a hannu. Tun da ɓarin jikin mahaifinta, Abbu, ya shanye, ita ke kwana a asibiti, kan tabarma a gefen gadonsa. Ita ce juya shi, ita ce goge shi, ita ce layin magani. Yayanta Tanwir kuwa sai ranar Juma'a yake leƙawa, da lemo a leda da shawarwari cike da baki.

Ta wanke kwanukan da tafasasshen ruwa, ta watsa ragowar a gindin darbejiyar tsakar gida, ba ko bisimilla. Kowa ya san ba a yin haka da almuru, amma gajiya ta riga ta cinye mata tunani.

Kafin a idar da salla tsakuwa ta fara sauka a kan rufi, ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. Aka ji kukan jariri daga cikin itacen. Shagufta ta sulale a bakin murhu, idanu a buɗe, ba ta ganin kowa. Can asibiti Abbu na kwance, babu mai ba shi ko ruwa.

Tanwir ya ɗauko Hafiz Sahib, tsohon malamin unguwa. Ya zauna ya daɗe yana karatu, har wata murya ta tsohuwa ta fito daga bakin yarinyar.

"Ni maƙwabciyarku ce. Ta ƙona min jika."

"Ba da gangan ba ne," in ji Hafiz Sahib. "Faɗi abin da kike so, ki fita."

"Ramuwa na shigo yi. Na duba jikin nan kaf, ban sami abin ɗauka ba. Kun riga ni."

Ammi, mahaifiyar Shagufta, ta ce, "A yanka miki baƙar akuya?"

"Riƙe akuyarki. Mu karɓa-karɓa muke jinyar namu. Wancan mai tumbin fa, shi ma ɓarin jikinsa ya shanye ne?"

Tanwir ya sunkuyar da kai. "Hafiz Sahib, shago fa..."

"Ita za ka gaya wa, ba ni ba."

"In na fita yanzu, tashi za ta yi ta koma asibiti," in ji muryar. "Ina nan daram sai na ga tabarmar can a hammatarsa."

Tanwir ya naɗe tabarmar, kunya ta ishe shi, ya fice. Tsakuwa ta ɗauke. Shagufta ta yi atishawa, ta zabura tana laluben mayafinta.

"Ammi, an juya Abbu? Lokaci ya wuce."

"Yayanki ya tafi. Kwanta, 'yata."

"Ya san Abbu ba ya iya haɗiyar gurasar roti sai an jiƙa?"

Ba ta jira amsa ba, barci ya ɗauke ta a nan ƙasa. Ammi ta zauna tana mata fifita, sai a lokacin ta ga furfura a kan 'yarta, ta rasa yaushe ta fito.