Fuskar Mai Sayar da Kifi

Safiyar Talata, da aka buɗe wani ƙaramin gidan adana zane-zane a unguwar Alfama ta Lisbon, sai aka tarar da firam jingine da bango, babu zanen ciki. Zanen wata mai sayar da kifi ne, ya shekara ɗari biyu. Ƙusoshin bayan firam ɗin kuwa an jera su a kan farin ƙyalle.

Sufeto Amélia Carvalhal ta fara da Tomé, mai zagayawa da 'yan yawon buɗe ido, ɗaya daga cikin mutum uku masu makullin gidan.

"Jiya Litinin gidan a rufe yake," in ji shi. "Ina bakin kogi da Jamusawa talatin. Ƙafata har yanzu ba ta yafe musu ba."

Hotunan Jamusawan suka wanke shi. Saura mutum biyu masu makulli. Baltazar mai gadi ya yi ta in-ina, don ya bar bakin aikinsa ya je duba matarsa a asibiti. Sufeto ba ta yarda ba, ta sa aka tsare shi.

Ran Alhamis ta kai wa Dona Ermelinda, ɗayar mai makullin, takardar bayani ta sa hannu. Shekara arba'in tsohuwar ta yi tana gyaran zane a gidan. Ta laluba biro sau biyu kafin ta kama.

"Dona Ermelinda, yaushe idon ya fara?"

Tsohuwar ta ajiye biron. Sufeto ta ci gaba.

"Ɓarawo da wuƙa yake yanke zane, ba ya tsayawa jera ƙusa. Wanda ya cire wannan, aikinsa ne. Ga shi kuma kin sa hannu a tsakiyar rubutuna, ba a kan layin ba."

Tsohuwar ta jawo durowa. Zanen na ciki: ga kwando, ga kifi, amma inda fuska take sai dabbare.

"Wani tabo aka ce min ya fito a kumatunta. Na zo ranar da babu kowa, don kada a ga ina laluben kwalbar ruwan goge tabo. Na ɗauki wadda ba ita ba. Shafa ɗaya, 'yata."

"Kuma kika bar Baltazar kwana biyu a tsare?"

"Kullum sai in ce yau zan faɗa."

Sufeto da kanta ta buɗe wa Baltazar ƙofa, ta gaya masa abin da ya faru, ta ba shi haƙuri. An yi wa matarsa aiki ran Laraba, ta farfaɗo ba ya kusa. Ya daɗe yana juya hularsa a hannu.

"Za a iya mayar wa mai kifin da fuskarta?"

"Mutum ɗaya ce za ta iya a duk garin nan," in ji Sufeto. "Ita kuma ba ta gani."